Idan ƙanƙara ta narke, me ƴan tseren ski ke yi?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƴan tseren ski (sulɓi a kan ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa) na dogon zango ke atisaye in babu ƙanƙara, da ko zai yiwu a Yamai.

Tun Mayu suke farawa. Su ɗaura ski mai ƙananan tayoyi, su bi kwalta suna tunkuɗawa da sanduna biyu. Ga keke, hawan tudu da ɗaga ƙarfe. Galibin gudun sannu-sannu ne, wanda kana yi kana hira. Sauran yinin kuwa ci ne da barci.

Inda sababbi ke ɓata lamarin shi ne gudun ceton rai kullum. A Yamai kuwa, saboda zafinmu, ka fita bayan asuba da gorar ruwa. In ƙirji ya riƙe ka, tsaya, sai likita ya duba zuciyarka.