Tayin gida ta hannun dillali a Akara

Ɗan'uwa, ka ce dillali ya nuna maka gida a unguwar Madina ta Akara, shi ne na farko da za ka saya, kuma ba ka san inda za ka fara tayi ba.

Ka tuna la'adarsa na ƙaruwa ne da tsadar gidan, don haka kada ka faɗa masa iyakar abin da ke aljihunka. Ka taya ƙasa da kuɗin da aka sa, da hujja: rufin da ke yoyo, rijiyar da babu, layin da ruwa ke cikawa da damina. In an ce albarka, ka ƙara kaɗan, ka yi shiru kwana biyu. Zancen "wani ya riga ka tayawa" kuwa, kusan kowane dillali yana yinsa.

A Akara ana yawan sa farashi da dala. Ku tsayar da shi a sidi, kuɗin Ghana, a rubuce.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai lauyanka ya bincika takardun a Lands Commission, wato hukumar filaye ta Ghana, ya duba shekarun da suka rage a yarjejeniyar hayar filin da gidan ke kai. Kuma ka nace sai ka zauna da mai gidan ido da ido, da katin shaidarsa.