Injin gidan burodi ya cinye wa ƙanena yatsu biyu, mene ne haƙƙinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana aiki a wani gidan burodi a nan Aboabo, Kumasi. Wata biyu da suka wuce wuta ta ɗauke yana goge rolar injin murza kwaɓin fulawa, da ta dawo sai injin ya ja hannunsa, yatsu biyu suka tafi. Maigidan ya biya kuɗin asibiti, ya ba shi sidi 500, ya ce shi ke nan tunda babu takardar aiki tsakaninsu. Haka ne? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, maganar maigidan ba haka take ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta Gana, PNDCL 187 ta 1987, ta amince da yarjejeniyar aiki ko da ta baka ce, har da ta mai koyon sana'a. Muddin rauni ya same shi a bakin aiki, biyan magani daban, diyya daban.

Abin da muke so ki riƙe da kyau shi ne lokaci. Wata shida doka ta bayar daga ranar haɗarin a sanar da maigida a kuma nemi diyya, ga shi biyu sun riga sun tafi. A zangonninmu nan ne haƙƙi yake salwanta: dattawa su sa baki, a ce a yi haƙuri, ana ta kai gwauro ana kai mari har wa'adi ya cika. Sulhu alheri ne, amma a fara kai maganar ofishin ƙwadago na Kumasi, sannan a zauna.

Ya tafi da katin asibiti, rasit ɗin magunguna, hoton hannun, da sunayen waɗanda ke wurin ranar. In ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ake biyansa, kada ya goge saƙonnin, don su ne shaidar aiki da ta yawan albashi. Likita zai auna nakasar ya rubuta kashi nawa ce cikin ɗari, jami'in ƙwadago kuma ya yi lissafi a kai. Nakasar da ta hana mutum aiki gaba ɗaya diyyarta albashin wata 96 ne, rasa yatsu kuma wani kaso ne daga ciki, gwargwadon wane yatsa ne da gaɓa nawa ta tafi. Babban yatsa ya fi sauran nauyi a lissafin, domin da shi ake riƙo. Kwanakin da yake jinya ma akwai biyan da ake yi masa, har zuwa wata 24. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan wata takarda da ba a karanta masa ba. In maigida ya ƙi, kotu na nan, kuma Hukumar Legal Aid tana taimaka wa marar ƙarfin ɗaukar lauya.

Shi kansa maigidan, Dokar Ƙwadago ta 2003 ta wajabta masa kai rahoton haɗarin ga hukuma cikin kwana bakwai, kuma ta ba ma'aikaci damar janyewa daga aikin da ya ga yana barazana ga ransa ba tare da an kore shi ba.

Tambaya: Ina da injin niƙa da na gurza rogo a Asawase, yara uku ke yi mini aiki. Me zan yi kada irin wannan ya same su? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun kafin a yi ɓarna. Wuri uku ne ke cin hannu: bakin da ake zuba hatsi ko rogo, inda bel ya haɗu da fuli, da tsakanin fayafayan niƙa lokacin wanki. Dokar masana'antu ta 1970 ta ce a rufe sassan inji masu haɗari, kuma maƙerin Magazin, wato unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, zai yi maka murfin bel da ragar ƙarfe. Rogo da katako ake tura shi, ba da tafin hannu ba. Jalabiya, gyale, zobe da safar hannu duk a cire su, don bel ya kan fara kama tufa ne sannan ya ja mutum. Wuta na ɗaukewa a sauke babban makunni, wanda zai sa hannu cikin injin shi zai kulle akwatin makunnin da kwaɗo ya jefa mabuɗin a aljihunsa.

In tsautsayi ya faru, a kashe injin, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Ban da gawayi, ban da baƙin mai, ban da toka. Yatsan da ya yanke a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a ɗaure cikin leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Ɗora shi kai tsaye kan ƙanƙara yana kashe naman. Kada a ba shi ci ko sha saboda tiyata. A kira 112 ko a wuce da shi sashen haɗari na Asibitin Komfo Anokye nan take, a kuma tuna wa likita maganar allurar tetanus.