Amsar Gwaggo kan sadaka da abu mai tsami

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun ranar Talata, ƙanenki ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wannan. Kin ce ku 'yan jami'a za ku ware yini guda ku dafa abincin da ake bari ya yi tsami, ku sayar, kuɗin ya tafi ga marayu, kuma kin ji ana cewa irin wannan abinci na ƙara lafiya. Kina son sanin ko al'ada ta yarda a yi sadaka da abu mai tsami, da kuma ko ya dace a haɗa sadaka da ciniki.

Ta farkon ta ba ni dariya. Wainar da aka raba ranar sadakar arba'in ta kakanki, da me aka yi ta? Ƙullun kwana ya yi a rufe, ya tashi, ya yi ido, kana aka kai shi tanda. Funkaso haka, koko haka. Furar da ake damawa a miƙa wa baƙo a zaure, in ba nono a ciki ai an rena shi. Tsami daban, lalacewa daban, hancin mace ya san bambancin. In wani ya ce muku abin ya yi kama da giya, ku ce abin da ke sa maye shi aka haramta, kuma ba a taɓa ɗauko kowa ranga-ranga don ya sha kindirmo ba. Kunun zaƙi dai in ya yi kwanaki har yana kumfa yana huci, a zubar.

Kada ku manta da daddawa, ko da yake ita ba tsami take yi ba, ruɓa ta ake yi da gangan. Ina yarinya a Birni, maƙwabciyarmu takan kwana tana dafa kalwa, da safe ta surfa ta da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta juye a kwando da zafinta, ta lulluɓe da ganye da tsumma. Kwana uku ba mai ɗaga murfin. Ranar buɗewa duk lungun ya sani, ga yauƙi na bin hannu kamar zare. Mu nan Damagaram ɗorawa ba ta yawaita kamar kudu, shi ya sa daddawar batso, ta gurguzu, ta riƙe miyar talaka. Ki je kasuwar Dole da kanki ki zaɓo, kada ki aiki yaro.

Zancen lafiya gaskiya ne, amma kada ku cika baki. Abin da na koya shekarun da nake aikin ungozoma shi ne wasu ƙananan halittu ne ke cin zaƙin madara ko na gero su mai da shi tsami, tsamin kuma ya takura wa masu kawo gudawa. Gero in ya jiƙu ya kwana, jiki ya fi samun sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, wanda mai ciki ke bukata don jini. Wanda madara ke kumbura wa ciki sau da yawa yana shan nono lafiya. Iyakarta ke nan, ba maganin hawan jini ba ne. Madarar kuwa a tafasa ta kafin a zuba iri, don ɗanya tana iya ɗauko cutar saniya, kuma a dama fura da ruwa mai tsabta.

Ciniki ba laifi. Mai saye ya ci ya ƙoshi, ribar ita ce sadakar. Inda nake jin tsoro shi ne abin da na ga ana yi yanzu: a jera marayu a rana, kowa da kwano, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Mu ba haka muka tarar ba. Shekarar El-Buhari, 1984, da fari ya koro mutanen Damargu suka cika gari, innarmu takan dama koko tun da asuba ta aike mu da shi a rufe da faifai, da gargaɗin mu ajiye mu juyo, kada mu tsaya jiran godiya. Maza kuma suna ciyayya a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da akushinsa, wanda ranar ba a hura wuta a gidansa ba ya zauna ya ci, ba mai ƙirga akusa. To ku sayar da abincinku a bainar jama'a, kuɗin da kason yaran ku kai wa iyayensu mata har ɗaki. Wani kason na almajirai ne, za su zo ko ba ku kira su ba.

Ki gaishe da malam mai unguwa kafin ku kafa rumfa. Tandata tana nan in kuna so, a aiko a ɗauka ranar Alhamis, amma a dawo mini da ita da murfinta, don wadda na ara wa bara har yau shiru.