Tambayi Likita: Faso, Faifan Baya da Baƙin Ɗigo a Ido

Tambaya: Likita, duk hunturu sai dunduniyata ta yi faso har da jini. Ina shafa mai, amma tsagar sai ƙara zurfi take yi. Maƙwabciyata ta ce in kankare da reza in ɗiga sufagulu. (Wata uwargida, Gusau)

Amsa: Hajiya, ki ajiye rezar nan. Fatar dunduniya tana da taushi ne muddin tana riƙe da ruwa. Idan ruwan ya gaza kashi 10 cikin 100, sai ta ƙeƙashe kamar ƙirgi. Ƙarƙashinta kuma akwai kitse da ke bajewa gefe duk takun da kika yi, balle a silifas da ba ya tare dunduniya. Kin ga yadda mai yadi ke ɗan datsa bakin atamfa da almakashi, ya ja ta yage har ƙarshe ba wahala? Haka faso yake, duk ƙarfin jan a bakin tsagar yake taruwa. Reza sabon datsi kawai za ta ƙara miki.

Mai ba ya sa ruwa a fata, tsare wanda ke ciki yake yi, shi ya sa shafawa a busasshiyar ƙafa bai yi miki aiki ba. Da dare ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki tsane. Tun da sauran danshi ki shafa man da ke da sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25, ki bi da basilin ko man kaɗanya, ki sa safa. Kada a ɗiga sufagulu a tsagar da ke jini ko ruwa, rufe ƙwayoyin cuta zai yi a ciki. In kina da ciwon suga, faso mai jini na asibiti ne.

Tambaya: Da asuba na sunkuya zan ɗaga jarkar ruwa, sai na ji baya ya riƙe. Yanzu ciwon yana bin ƙafata ta hagu har yatsa. An yi hoto an ce faifai ya zame. Jarka ɗaya ce ta yi min haka? (Wani direba, Maraɗi)

Amsa: Malam, jarkar ta ƙarasa aikin ne kawai. Kuma faifan bai zame ba, tsagewa ya yi. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai matashi, shi ne faifan: tsakiyarsa abu ne mai laushi kamar romon ƙafar sa da ya kwana ya daskare, kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne a lokacin ƙuruciya, an kewaye shi da zobe mai zare hawa 15 zuwa 25. Da shekaru ruwan yana raguwa, zoben ya fara ƴan tsage-tsage, sau da yawa daga ciki. Jini ba ya kai wa tsakiyar faifai, don haka ɗinkewa na wuya. Kowane sunkuyo da kaya, kowane dogon zama a mota mai jijjiga, yana tura laushin nan cikin tsagar, ta ci hawa ɗaya bayan ɗaya, har ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa.

Lokacin ma yana da hannu. Da dare faifai yana shan ruwa ya cika tam, har mutum ya fi tsawo da kusan santimita ɗaya da safe. Nauyin da ya zo a hankali yana ba ruwan damar tsiyayewa. Wanda ya zo da fizga ba ya ba shi, sai matsin ya faɗa kan zoben kai tsaye. Ka bar ɗaga kaya a awar farko bayan tashi. In za ka ɗaga, ka durƙusa da gwiwa, kayan na manne da jiki, kada ka murɗa ƙugu. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tiyata. Tafiyar ƙafa ta fi kwanciya yini guda amfani. Amma in fitsari ya tsaya ko ya riƙa kufcewa, ko matse-matsinka ya daina jin taɓi, ko ka fara jan ƙafa, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Shekarata 61. Kwana biyu ke nan ina ganin baƙin ɗigo kamar ƙudaje, da walƙiya a gefen ido. Ba zafi. (Wani dattijo, Zariya)

Amsa: Baba, rashin zafin kada ya ruɗe ka. Cikin ƙwayar ido cike yake da wani abu mai yauƙi, kusan mililita 4, kashi 99 cikin 100 ruwa ne. Da girma yakan tsinke ya ɓanɓaro daga tantanin gani da ke bayan ido. Walƙiyar nan jan da yake wa tantanin ne. Ga yawancin mutane a nan abin ke tsayawa, amma kusan ɗaya cikin goma tantanin yakan yage, ruwa ya bi ta yagar ya ɗaga shi. Ƙaramar yaga da hasken lesa ake kewaye ta a tsayar. In tantanin ya ɗagu sai tiyata. Ka ga likitan ido cikin awa 24, a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayansa. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta da nisa da kai. In ka ga duhu kamar labule yana shigowa ta gefe, ko gobe kada a jira.

Tambaya: Gilashin ido mai laushi da nake mannawa ya ɗan tsage a baki. Zan iya ci gaba da sawa? (Wata ɗaliba, Kano)

Amsa: A'a, ki yar. Shi ma ruwa ne kashi 38 zuwa sama da 70, kuma kowane ƙiftawa yana jan tsagar, bakinta na karce ƙwayar ido. Farce da bushewa ne ke jawo ta: ki ɗiga maganin jiƙa ido kafin cirewa, ki kama da tsokar yatsa. Kada ki wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, sai ruwan da aka yi dominsa, mazubin kuma a sauya duk wata uku.