Filin Tambayar Likita: Zazzaɓi da tari ga mai sankarar jini

Tambaya: Likita, maigidana yana karɓar maganin sankarar jini. Bayan zagayen maganin da ya gabata zazzaɓi da busasshen tari suka kama shi, aka kwantar da shi ana yi masa allurai ta jijiya, alhali hoton ƙirji bai nuna komai ba. Danginsa sun ce zazzaɓin cizon sauro ne kawai. Ina gaskiyar take? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya, kuma likitocinsa sun yi daidai. Maganin sankara yana rage fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan karɓarsa. Idan suka gaza 500 a kowace mikrolita (ɗan ƙanƙanin awo) ta jini, zafin jiki kuma ya kai digiri 38.3, ko ya tsaya a 38 har tsawon sa'a guda, ƙa'ida ita ce a soma allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su cefepime ko meropenem cikin sa'a ta farko, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, domin ƙwaya irin Pseudomonas tana iya halaka mutum cikin ɗan lokaci.

Batun hoton kuwa, waɗannan ƙwayoyin jinin ne suke haifar da majina da kumburin da hoto yake kamawa, saboda haka idan babu su, huhu yana iya kamuwa ƙwarai hoton ya fito tsaf. Hoton CT, wanda yake nuna cikin jiki daki-daki, ya fi gano abin da ya ɓuya. Idan zazzaɓin ya wuce kwana 4 zuwa 7 duk da allurai, sai a yi zargin funfunar Aspergillus, wadda ake shaƙa daga ƙura da tsohon hatsi da wuraren gini, a ƙara maganin kashe funfuna irin su voriconazole ko amphotericin B. A ƙasarmu wajibi ne a bincika tarin fuka ma.

Maganar dangi ba abin watsarwa ba ce, za a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, sai dai samunsa ba ya kore ciwon huhu. Idan an sallame shi, ki ajiye ma'aunin zafin jiki a gida, ya riƙa sa takunkumi a ƙurar hunturu, kuma kada a ba shi farasitamol kafin a auna shi, domin yana rufe zazzaɓi. Da zarar ma'auni ya nuna 38, ko numfashi ya yi masa wuya, ku nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko inda ake duba shi, ko da tsakar dare ne.