Tambayi Likita: lambar iska a waya da abin da ƙirji ke faɗa

Tambaya: Likita, muna zaune ɗaki ɗaya da ƙanina, manhajar yanayi a wayata ta nuna lambar gurɓatar iska 60, tasa ta nuna 140. Wacce ce ke ƙarya?

Amsa: Mai yiwuwa babu, Malam. Waya ba ta shaƙar iska. Bayanin daga na'urar awo mafi kusa take ɗauko shi, ko da tana da nisan kilomitoci da ƙofar gidanku. Inda babu na'ura, ƙiyasi ake yi da tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta. Ma'aunin ma ba ɗaya ba ne: na Amurka daga 0 zuwa 500 yake, Turai da Indiya kowa da nasa. Ka tsaya kan manhaja ɗaya, ka riƙa lura da hawa da saukarta.

Tambaya: Mene ne PM2.5 da nake gani?

Amsa: Ƙura ce mai laushi ƙwarai, silin gashi ya fi ta kauri kusan sau 30, tana ratsawa har can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicinta na yini ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska.

Tambaya: Ranar da lambar ta yi ja, wato iska ta gurɓata sosai, takunkumin asibiti ya isa?

Amsa: Bai isa ba, iska na bi ta gefensa. A nemi takunkumin N95, mai tace ƙura kuma mai kama fuska. Jiƙa hankici a ɗaura a hanci wahala ce kawai.

Tambaya: Manhajar ta yi kwana uku tana ja, sai muka rufe tagogi ruf, maigida ya shigo da janareta baranda ta ciki. Yanzu kullum yara na tashi da ciwon kai da jiri, ni ma haka. Iskar wajen ce ke shigowa?

Amsa: Hajiya, don Allah ki ajiye wayar, a kashe janaretan nan a fitar da shi, a buɗe tagogi, ku tafi asibiti yau. Yau na ce. Ku gaya musu kun kwana kusa da janareta.

Abin da kike bayani ya yi kama da gubar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana maƙalewa jini fiye da iskar da jiki ke buƙata har sau 200 ko fiye, mutum yana barci ta tafi da shi. Alamar da nake tsoro ita ce wadda kika faɗa: gida guda kowa na ciwon kai da safe, musamman idan ana jin sauƙi in an fita waje. Garwashi a rufaffen ɗaki ma haka yake.

Abin da ke ɓata min rai, an guje wa tsawa an faɗa wa aradu. Lambar nan ƙiyasin iskar waje ce ta yanki guda, ba ta san abin da ke cikin ɗakinki ba ko kaɗan. Janareta wurinsa waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Kuma kada a tsaya ba yara maganin ciwon kai ana jiran gobe. Wanda ya fara amai, ruɗewa ko suma, a ɗauke shi nan take.

Tambaya: Ɗana mai asma yana tari da dare, amma manhajar kore take nunawa, wato iska mai kyau. Kakarsa ta ce a daina shaƙa masa magani kada ya saba.

Amsa: A gaishe da Kaka, amma wannan magana ta sa yara da yawa kwanciya asibiti, kuma na gaji da jinta. Maganin shaƙa ba ya zama jaraba. Kore ba ta nufin babu hayaƙin shara a bayan gida ko ƙura a katifa. Lambar kan yi jinkiri, kuma matsakaici ce. Ƙirjin yaro ya fi waya gaskiya. Ku ci gaba da maganin yadda aka rubuta, ku koma wurin likitansa a makon nan. Idan haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.