Muna da kayan tarihi a Excel, ta yaya za mu zuba su cikin sabuwar manhaja?

Tambaya: Salam Malam, ina aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi nan Kaduna. Bayanan kayanmu wasu suna tsohon littafin rajista, wasu an taɓa buga su a Excel, yanzu kuma an saka mana CollectiveAccess, manhajar rajistar kayan tarihi, an ce mu zuba komai ciki. Sai mun sake bugawa ɗaya bayan ɗaya ne ko akwai hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Wanda ke Excel ba sai kin sake bugawa ba, manhajar tana karɓar Excel da CSV (fayil ɗin jadawali na rubutu zalla da Excel ke iya ajiyewa) kai tsaye. Na littafi kam sai an zauna an buga. Amma zubawar ita ce mai sauƙi, aikin gaske yana wajen gyaran fayil ɗin kafin ya shiga, don duk shirmen da ke ciki haka manhaja za ta haɗiye shi ba ta tambaya.

Fara da lambar rajista, wadda aka rubuta a jikin kaya ko a takardar da aka ɗaura masa, da ita manhaja ke gane wannan tukunya daban da waccan. Anan Excel yake yi wa mutane ɓarna shiru shiru, in lambar kaya 1975.10 ce shi gani yake lissafi ne sai ya mayar da ita 1975.1, kin ga kaya na goma ya hau kan kaya na ɗaya kenan, 007 ya koma 7, wani abu kamar 3-12 kuma ya zama kwanan wata. Saboda haka layin lambobin ki mayar da shi Text tun kafin a taɓa komai, kuma kar ki riƙa buɗe CSV da danna shi sau biyu, ki bi ta sashen Data na Excel ki shigo da shi. In ɓarnar ta riga ta faru ba dabara, littafin rajista za ki ɗauko ki bi layi layi. Kayan da ke da sassa, kamar takobi da kubensa, ku yanke shawara tun yanzu ko haruffan a da b za ku ƙara wa lambarsu, kar yau kaza gobe kaza.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Wajen ajiyewa ki zaɓi CSV UTF-8, in kika zaɓi CSV zalla ƙwarya da ɗan tofi za su fito da alamar tambaya a wurin ƙ da ɗ, kuma in an riga an ajiye a haka ba sa dawowa.

Kwanan wata ki yi masa gida biyu, ɗaya yadda aka rubuta a littafi, ɗaya wanda kika daidaita shekara-wata-rana, don 04/05/1982 wani zai karanta Mayu wani Afrilu. Ga kuma takardun ajami da na Larabci irin na Arewa House masu shekarar Hijira, ga gumakan Nok da ba su da takamaiman shekara sai kimantawa, waɗannan kar ki ƙirƙira musu rana don kawai gida ya cika. Sunan wuri ma haka, Zaria, Zariya, Zazzau, manhaja za ta ɗauka garuruwa uku ne. OpenRefine, wani shirin gyaran bayanai, kyauta ne kuma ya iya tattaro irin waɗannan ya nuna miki, ke ki zaɓi ɗaya. Awo kuma wani inci wani santimita, a raba tsawo da faɗi kowa da gidansa.

Daga nan sai takardar da ke gaya wa manhaja layi kaza na Excel gida kaza zai shiga, a CollectiveAccess ita ma a Excel ake rubuta ta. A ciki akwai inda za ki faɗa mata abin da za ta yi in ta tarar da lambar da ke ciki tuntuni, ta tsallake, ta haɗa ko ta danne tsohon. Ni dai a karon farko tsallakewa nake zaɓa, dannewa tana iya share aikin wani. In ba ki san gidajen da suka fi muhimmanci ba duba Object ID, jerin bayanan da ake gane kaya da su, wanda cibiyar Getty ta Amurka ta fitar a 1997, yanzu yana hannun ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya: nau'in kaya, da me aka yi shi, awo, rubutu ko alama a jiki, zamani, wanda ya ƙera, da hoto. Shi ake nema in kaya ya ɓace, kuma kin san yadda aka yi ta sace kayan Nok ana fita da su waje.

Ranar zubawa ki ajiye kwafin rumbun bayanan manhajar gaba ɗaya a wani wuri tukuna, ki gwada da kaya 20 kawai, ki zaɓo masu wahalar da gangan, ki buɗe su ki gwama da littafi. In sun yi sai ki riƙa zubawa kashi kashi, kwamfuta kan inbata don in NEPA ta ɗauke a tsakiya rabi ne zai shiga. Hotuna kuma kowanne ki sa masa sunan lambar kayansa kafin ki loda, su ake zubawa daga ƙarshe bayan bayanan sun zauna.